Ba man maɗori ke haɗa ƙashi ba

A ƙauyukanmu na wajen Ringim da Gumel, idan yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye, da zarar ya warke sai a ce man maɗori ne ya ratsa ya liƙe ƙashin. Tunanin ya samo asali ne daga ɗaukar ƙashi tamkar busasshen icce. Alhali ƙashi rayayye ne, jini na gudana a cikinsa.

A cikin ɓargo, da kuma siririyar fatar da ta lulluɓe ƙashi, akwai ƙwayoyin asali waɗanda ba su riga sun zama komai ba. Da an samu karaya, jini kan taru ya daskare a wurin, ƙwayoyin nan su yi tururuwa su hayayyafa. Wasu su rikiɗe su yi guringuntsi ya riƙe bakin karayar, wasu su zama magina ƙashi, suna shimfiɗa zare mai yauƙi, sinadarin kalsiyam na hawa kansa har ya taurare. Ƙullin da ake ji a wurin bayan makonni aikinsu ne. Fatar nan da ta lulluɓe ƙashi ta fi kauri a jikin yara, shi ya sa suke saurin warkewa.

Aikin ɗori shi ne daidaita ƙashin da hana shi motsi, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Abin da ke damuna shi ne ɗaurin kara mai tsanani. Ƙwayoyin nan da jini suke rayuwa. Idan aka matse, yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko baƙi, a sassauta a garzaya asibiti a ranar, domin hannun na iya ruɓewa har a kai ga yankewa.