Gidan Ɗan Hausa

Gidan Ɗan Hausa tsohon ginin ƙasa ne da ke unguwar Nassarawa a Kano, a wajen ganuwar birni. Ya samo sunansa daga Hanns Vischer, Baturen da ya zauna a cikinsa a farkon mulkin mallaka, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa saboda yadda ya iya harshen. Yana cikin 'yan tsirarun gidajen Kano da har yau ake ganin aikin maginan gargajiya a jikinsu tun daga tushe har zanko.

Asali

Ana cewa akwai gini a wurin tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, kuma mazauninsa na farko mai kula da gandun Sarki ne na Nassarawa. Masu tarihi sun saɓa kan shekarun wannan gini na farko. Siffar da gidan yake da ita yanzu dai ana danganta ta da gyara da ƙarin da aka yi masa wajen 1909, a zamanin Sarkin Kano Abbas.

Vischer da makarantar Nassarawa

An haifi Vischer a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876. Ya fara shigowa ƙasar Hausa ne tare da 'yan mishan, daga baya ya bar wannan aiki, ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya, ya shiga aikin gwamnati aka tura shi Borno. A 1906 ya ƙetare Sahara da ayari daga Tarabulus zuwa yankin Tafkin Chadi. Da aka ɗora masa aikin ilimi sai ya je Masar da Sudan ya ga yadda makarantunsu suke tafiya, sannan ya dawo ya buɗe makaranta a Nassarawa a 1909. Ita ce makarantar boko ta farko da gwamnati ta kafa a Arewa.

Malamai aka fara ɗauka, waɗanda sun riga sun yi karatun allo da na ilimi, domin a horar da su su koyar da wasu. Daga baya aka kawo 'ya'yan sarakuna daga larduna, aka kuma buɗe sashen koyon sana'a. Da Hausa ake koyarwa, ba a wa'azin Kirista, ana barin ɗalibai su yi sallarsu da karatun addininsu, abin da ya rage ɗari-ɗarin iyaye ko da yake bai kawar da shi ba. A wannan zamani ne Vischer ya tsara ƙa'idojin rubuta Hausa da boko, waɗanda aka buga wajen 1912. Ya bar Kano bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya rasu a 1945.

Tsarin gini

Da tubali aka tayar da bangon, wato curin ƙasa da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, a jera shi kai sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yana da kauri daga ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Wannan kauri shi ke sa ɗakunan su yi sanyi da rana a lokacin bazara, su riƙe ɗumi da daren hunturu.

A rufi ne gwanintar maginan ta fi fitowa. Azara, wadda ake tsagowa daga itacen giginya, gara ba ta cinta, amma ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta yi yawa. Don haka sai magini ya riƙa ɗaura azara kan azara daga jikin bango, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, a lulluɓe su da ƙasa, har su haɗu a tsakiya su zama bakan gizo. Inda bakuna suka gicciya a tsakiyar soro shi ne ɗaurin guga. Wanda ya ɗaga kai zai ga azarori a jere reras tsakanin bakunan, wasu a miƙe wasu a karkace, kuma wannan jeri shi kansa ado ne. Daga waje ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuma a bi shi da laso don kada ruwa ya ratsa. Indararo ke zubar da ruwan sama nesa da jikin bango.

Fuskar gidan tana ɗauke da zanen da aka tayar da ƙasa tun tana ɗanya, zankaye kuma suna tsaye a kusurwoyin rufi. Gidan yana da bene. Irin wannan gini yana son yaɓe a kai a kai, domin damina kaɗan ta isa ta zaizaye zanen idan aka yi sakaci.

Amfaninsa a yau

Bayan Vischer wasu jami'an Turawa sun zauna a gidan. Yanzu yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, an ajiye kayan tarihi da na sana'o'in gargajiya a ciki, ɗalibai da baƙi suna kai ziyara.