Waiwaye: Daga CGI zuwa saƙon 502

Duk wanda ya taɓa zama a kafe a Tudun Wada ko Kawo lokacin cike fom ɗin makaranta ya san lambar nan mai ɓata rai, 502, da ke fitowa idan shafin intanet ya ƙi buɗewa. Mai kafe zai ce maka, "Yallaɓai, sabar ce ta faɗi." Sau da yawa kuwa sabar, wato manhajar da ke miƙo maka shafin, tana nan garau. Ɗan aikenta ne, wato manhajar da take tura wa aiki a bayan fage, bai dawo da amsar kirki ba, kuma labarin wannan ɗan aike ya haura shekara talatin.

Sabar farko da Tim Berners-Lee ya rubuta a cibiyar binciken kimiyya ta CERN a 1990, babban aikinta miƙa fayil ne: ka nemi shafi, ta ɗauko ta ba ka. A 1993, a cibiyar NCSA ta Jami'ar Illinois da ke Amurka, inda Rob McCool ke gina tasu sabar, aka fito da tsarin CGI. In buƙata ta iso, sabar ta tayar da wata manhaja dabam, ta karɓi amsa, manhajar ta mutu. Tamkar mai shayi ne da zai hura sabuwar wuta saboda kowane kofi. Da mutum goma ana lallaɓawa, da mutum dubu kuwa layi sai ya kai bakin titi.

A 1995 wata sabar mai suna Apache ta fito, Robert Thau kuma ya sake mata gini: ƙaramin ginshiƙi a tsakiya, sauran ayyuka a rarraba wa modul-modul, wato ƙananan sassan manhaja da ake jonawa. Nan ne ya fi burge ni. Buƙata tana bin matakai ne kamar fasinja a tashar Kawo. Wani modul ya fassara adireshi zuwa fayil, wani ya duba ko kana da izinin shiga, wani ya tantance nau'in abin da ka nema. A kowane mataki modul na iya cewa "ba nawa ba ne," a wuce ga na gaba. Mai ɗaukar nauyin haɗa amsar kanta shi ake kira handila, shi ne direban motar. Daga ƙarshe wani modul ya rubuta abin da ya gudana a rajista.

Da haka mod_perl a 1996, da mod_php, modul-modul masu gudanar da harsunan rubuta manhaja na Perl da PHP, suka tare cikin gidan sabar. An samu sauri, amma da tsadarsa: ko ƙaramin hoto za a miƙa, ma'aikacin Apache, wato kwafin sabar da ke amsa buƙatar, yana goye da PHP gaba ɗaya, in kuma modul ya yi tuntuɓe, da ma'aikacin suke faɗuwa.

Tun a 1996 kamfanin Open Market ya kawo FastCGI, wato wutar mai shayin ta zauna a kunne amma a waje: manhajar ba ta mutuwa bayan kowace amsa, kuma tana wajen sabar. Bai samu kasuwa sosai ba sai da sabar Nginx ta Igor Sysoev ɗan Rasha ta fito a 2004, aka kuma shigar da PHP-FPM, mai kula da ma'aikatan PHP ta hanyar FastCGI, cikin PHP a 2010. Nginx na tsaye a ƙofa, tana tura aikin PHP baya. In na bayan ya mutu ko ya ƙi amsawa, sai ta nuna 502. In ya yi nawa har lokaci ya ƙure, 504.

Shi ya sa nake roƙon ƙannenmu masu gina shafukan WordPress a Kaduna: kafin ku kashe na'ura ku kunna, ku buɗe rajistar PHP-FPM tukuna, ku duba ma'aikata nawa aka ware mata, nawa kuma suka rage ranar da ɗalibai suka yi cincirindo.