Taimshiya: gida ka saya, ko layi ka kama?

Kwanan nan duk inda na leƙa a intanet sai na ci karo da kalmar nan, taimshiya. Wani yana tsaye bakin teku yana tallata ta a bidiyo, wani kuma yana kukan cewa ta zame masa alaƙaƙai, ya rasa yadda zai rabu da ita. A wani shirin rediyo na ji mai gabatarwa ya fassara ta da "sayen gida a ƙasar waje", baƙonsa ya gyara masa, wai ai "zuba jari ne a otal". Duk su biyun sun kauce hanya, kuma na biyun ya fi ɓarna, domin wanda ya ji kalmar jari riba yake hangowa.

Abin da kowa ya sani ba sai an ja shi ba: masauki ne guda a wurin shaƙatawa, an raba shekara mako-mako, kowane mai saye yana da nasa makon. In da ni za a tambaya, karɓa-karɓar masauki zan kira abin. Inda nake so mu tsaya shi ne kan tambayar da masu talla suke tsallakewa da gudu: mene ne takamaimai ya shiga hannunka bayan ka biya?

A Turance timeshare ake rubuta ta, lokaci da rabo aka haɗa, kuma kafin ta isa bakin teku ta daɗe a ɗakin kwamfuta. A ƙarshen shekarun 1950 kwamfuta guda kan cika ɗaki, kuɗinta miliyoyin daloli ne, mutum ɗaya kuma take yi wa aiki a lokaci guda. Za ka kai katinan aikinka masu huda-huda, ka tafi, ka dawo bayan sa'o'i ko washegari, sau da yawa ka tarar da kuskuren harafi ɗaya ya ɓata komai. Sai masana irin su John McCarthy suka ce me zai hana a raba lokacin na'urar tsakanin mutane da yawa. A 1961, a cibiyar MIT ta Amurka, Fernando Corbató da abokan aikinsa suka nuna tsarin da suka kira CTSS, wanda daga baya yakan ɗauki mutum kusan 30 a lokaci ɗaya. Na'urar takan juya ga wannan na ɗan ƙiftawar ido, ta koma ga wancan, ta zagayo, da saurin da kowa a kujerarsa yake jin kamar shi kaɗai take saurara. Har kalmar sirri da muke bugawa kullum a can ake danganta asalinta, don kada wani ya leƙa fayil ɗin wani.

Dabarar ta ci nasara ne saboda abu biyu. Juyin yana da sauri har ba a jin sa, sannan daƙiƙar da aka ba ka daidai take da wadda aka ba maƙwabcinka. Da aka ɗauko sunan aka liƙa wa gidan hutu, duka biyun suka zube a hanya. Juyinka sau ɗaya yake zagayowa a shekara. Makonni kuma ba ɗaya suke ba: makon Kirsimeti a wurin wasan ƙanƙara zinariya ne, amma mako a Fulorida cikin Satumba, lokacin da yara suka koma makaranta kuma guguwar teku ke kan ganiyarta, wa yake rububinsa? Kamfanonin musaya, masu ba mutum damar canza makonsa da na wani wuri, da kansu sun amsa wannan tun tuni, shi ya sa suka shafa wa makonni launi. A tsohon tsarin RCI, ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni, ja ne makon da ake nema, fari matsakaici, shuɗi kuwa na lokacin da gari ya watse. Abin da ya tsira daga ɗakin kwamfuta abu ɗaya ne kacal, wato jin nan na cewa abin naka ne kai kaɗai. Shi ake sayarwa da tsada.

Turai ce ta fara cinikin. A 1963 aka kafa kamfanin Hapimag a Suwizalan, kuma a nan dai baƙon rediyon nan yana da ɗan abin kamawa, don hannun jari kamfanin yake sayarwa. Sai dai ribar da ake raba wa masu hannun jarin kwanakin zama ne a gidajen kamfanin. A tsaunukan Alps na Faransa kuma, a wurin wasan ƙanƙara na SuperDévoluy, Paul Doumier ya tallata nasa da cewa maimakon ka kama hayar ɗaki, ka sayi otal ɗin, ya fi araha. Romon bakan da ake sha har yau ke nan. Faransawa suka sa wa abin suna multipropriété, mutanen Sifaniya suka ce multipropiedad, wato mallakar taron jama'a. Amurka ta karɓa daga Hawai a 1969, aka kafa kamfanonin musaya, RCI a 1974, Interval International a 1976, sannan manyan sunaye suka shigo: Marriott a 1984, Disney a 1991.

Sifaniya ce ta burge ni a wannan labari. Bayan shekaru ana yi wa 'yan yawon buɗe ido, musamman Ingilishi da Jamusawa, sakiyar da ba ruwa a gaɓar teku da tsibiran Kanari, sai ƙasar ta yi doka a 1998 wadda ta shiga har cikin ƙamus. Ta hana a kira wannan haƙƙi multipropiedad, ko wani suna da ke ɗauke da kalmar mallaka a cikinsa. Sunan da ta ba shi yana nufin cin moriya bi da bi. Ta kuma ce yarjejeniya kada ta wuce shekara 50. A 2015 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa kwantiragin "har abada" da aka ƙulla bayan dokar ba shi da inganci, mutane da dama suka bi ta nan suka karɓo kuɗinsu. Ka ga majalisa guda ta zauna ta gane cewa rabin cutar a cikin suna take. Mu kuwa muna nan muna cewa "ya sayi gida".

A Amurka akwai nau'in da ake ba ka takardar mallaka ta gaske, a rubuta sunanka a rajista cewa kana da kashi ɗaya cikin 52 na ɗakin. Akwai wanda izinin amfani ne kawai na wasu shekaru, kamar yadda aka fi yi a Mekziko, inda tsarin mulki ya hana baƙo mallakar ƙasa kai tsaye a cikin kilomita 50 daga gaɓar teku. Sai na maki, wanda ya fi yawa yanzu: ba ka da ɗaki sananne, ba ka da mako sananne, maki ake zuba maka kowace shekara ka je ka nemi gurbi da su, in ka samu. Mai takardar mallaka yakan ɗauka ya fi sauran, alhali sau da yawa shi ya fi ɗaure kansa, don takardarsa ba ta da ranar ƙarewa, kuma tare da ita kuɗin kula da gini yake tafiya.

Wannan kuɗi shi ne zuciyar maganar, shi ne kuma ake ambata a gurguje a wurin talla. Alƙaluman ƙungiyar masu harkar a Amurka, ARDA, sun nuna cewa matsakaicin farashin saye ya haura dala 20,000, kuɗin kula da gini kuma ya haura dala 1,000 a shekara. Ko ka je ko ba ka je ba za ka biya, kusan kowace shekara yana ƙaruwa, in guguwa ta yaye rufi kuma a yanka wa kowa ƙarin kaso na musamman. Ɗauki alƙalami. A ce ɗaki ɗaya an sayar da mako 51, an bar ɗaya don gyara, kowane mako dala 20,000. An tashi da dala miliyan 1 da dubu 20 a ɗakin da in an sa shi kasuwa gaba ɗaya da wuya ya kai rabin haka. Ina rarar ta tafi? Kaso mai tsoka, wanda ake kiyasta ya kai kusan rabin farashin, talla ce ta cinye: kwamishon dillali, kwana ukun da aka ba ka kyauta, tikitin da aka miƙa maka don ka zauna jawabin "minti 90" da ya koma awa huɗu. Kai ka biya kyautar da aka yi maka, har da ta waɗanda suka ci suka goge baki suka ƙi saye. In kuma bashin kamfanin ka ɗauka, ruwan da ke kansa yakan ninka na bashin sayen gida.

Shi ya sa ranar da ka fita da takardar, darajarta ta riga ta faɗi warwas. A kasuwar intanet ta eBay ana sa makonni a kan dala 1, wani ma har ya ce zai biya kuɗin canjin suna, a dai raba shi da ƙarfen ƙafa. Wane irin jari ne mai shi yake roƙon a karɓa kyauta? Akwai 'yan tsiraru da ke riƙe daraja, irin na Disney da wasu makonnin ja a wuraren da ake rububi, kuma su dillali zai yi ta nuna maka.

Da-na-sanin yakan zo da wuri, wani tun a jirgin komawa gida. Wanda ya farga da wuri yana da ƙofa, domin doka ta ba mai saye kwanakin fasa ciniki ba tare da ya kawo dalili ba: kwana 10 a Fulorida, 7 a Kalifoniya, 5 a Nevada, kwanakin aiki 5 a Mekziko. A Tarayyar Turai kwana 14 ne tun dokar 2008, an ma hana karɓar ko sisi kafin su cika. A rubuce ake fasawa, zuwa adireshin da ke cikin yarjejeniyar, da shaidar ranar aikawa. Kiran dillali a waya ba fasawa ba ne, ƙarin zaƙin baki kawai za ka sha har kwanakin su ƙare.

Wanda ƙofar ta rufe masa kuwa, a nan kuraye na biyu suke jiransa. Za a kira shi a ce ga mai saye a hannu, da farashi mai sa mutum ya miƙe zaune, abin da ya rage kawai ya turo kuɗin haraji ko na lauya tukuna. A 2023 baitulmalin Amurka ya ƙaƙaba takunkumi kan kamfanonin da ya ce ƙungiyar masu safarar ƙwaya ta CJNG ke amfani da su wajen wannan damfara daga garin Puerto Vallarta na Mekziko. Hukumar FBI ta ce tsakanin 2019 da 2023 Amurkawa kusan 6,000 sun kai ƙarar asarar da ta doshi dala miliyan 300, yawancinsu tsofaffi. An gudu ba a tsira ba.

Duk da haka kusan iyalai miliyan 10 ne a Amurka suke da taimshiya, kuma ba dukansu ke cizon yatsa ba. Waɗanda suke jin daɗinta, in ka lura, su ne suka daina kiranta jari. Sun ɗauke ta a matsayin hutun da aka biya tun gaba, kuɗin saye kuma sun yafe shi, ya tafi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Lissafinsu na kowace shekara guda ne: kuɗin kula da ginin bana, a raba shi gida bakwai, ya fi hayar kwana ɗaya a irin wannan masauki araha ko bai fi ba? Ga iyali mai mutum shida da za su kama ɗaki biyu ko uku a otal su kuma ci abinci a waje kullum, masauki mai ɗakin kwana biyu da kicin yakan fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ga mata da miji su biyu da ba sa son komawa wuri ɗaya, da wuya lissafin ya fita.

Sauran aikin na kalanda ne. Masu maki da suka iya abin sun san ranar da ake buɗe rajistar gurbi, wata 11 ko 12 ko 13 kafin tafiya gwargwadon kamfani, kuma da safiyar ranar suke kamawa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Shekarar da ba za su je ba sukan ajiye makin zuwa baɗi kafin wa'adi ya wuce, ko su zuba makon a RCI ko Interval da wuri, tunda makon da aka kai da wuri ya fi ƙarfin musaya, ko da yake can ma akwai kuɗin zama mamba da kuɗin kowace musaya. Wasu haya suke bayarwa, ko da abin da zai rufe kuɗin shekara ne kawai. Kuma suna ƙin gayyatar nan da ake yi musu da zarar sun sauka, wai a zo a ji sababbin bayanai na masu mallaka. Talla ce aka sauya wa riga, maganin da ake ba mai ƙorafin rashin gurbi kuwa kullum ɗaya ne, ya ƙara sayen maki.

Mai son fita gaba ɗaya ya fara da kamfanin da ya sayar masa, domin manyan cikinsu suna da shirin karɓar abinsu idan ba a bin mutum bashi, wani lokaci da ɗan kuɗi a kai. Daina biya kawai hanya ce da wasu ke bi, amma takan kai ga ƙwace makon da ɓata sunan mutum a wurin masu ba da bashi. Tsoron da ya fi damun tsofaffi shi ne kada abin ya faɗa kan 'ya'yansu, tunda dillali ya ce musu "gado ne za ku bar wa zuri'a". A Amurka magaji yana da ikon ƙin karɓa a rubuce cikin wa'adin da doka ta yanka, muddin bai riga ya je ya kwana a makon ba, kuma ba a sa sunansa a takardar tun ranar saye ba. Wannan na ƙarshen ne dillalai suke ba da shawara a yi, wai don a sauƙaƙa wa yara.