Kafin kifi ya hau garwashi

Akan kawo mana mutum asibiti fuska ta yi jajir, kai na sarawa, jiki na ƙaiƙayi kamar an zuba masa ƙaiƙayi a riga. Idan muka tambayi abin da ya ci, sai 'yan uwa su ce gasasshen kifi ne, kuma ya gasu sosai, har ma ya so ya ƙone. Ba ƙarya suka yi ba. Ɓarnar tun kafin a hura wuta ta auku.

Akwai kifayen da in suka daɗe cikin zafi bayan an kama su, musamman tuna da makarel da sadin, ƙwayoyin bakteriya kan juya wani sinadarin tsokarsu ya koma histamin, sinadarin da ke kawo wannan ja da ƙaiƙayin. Shi kuwa histamin bai san wuta ba: a gasa, a soya, a daskarar, yana nan daram. Wani lokaci kifin ko wari ba ya yi, sai dai mai ci ya ji yaji-yaji ko ɗanɗanon ƙarfe a harshe, ya ɗauka kayan haɗi ne suka ji. Cikin 'yan mintuna zuwa awa guda abin zai bayyana. Galibi yakan lafa da kansa, amma duk wanda numfashinsa ya fara sarƙewa, a garzaya da shi asibiti.

Maganin abin sanyi ne. Kifi ya zauna cikin ƙanƙara ko firji, ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Salshiyas, har sai garwashi ya nuna. Daskararre a bar shi ya narke cikin firji, ba a shanya shi a rana ba. In za ku saya, ku danna tsokar da yatsa. Mai kyau yakan taso nan take, idonsa garau. Wanda ya bar muku rami, ku bar wa mai shi.

Sai batun wuta. Gaggawa ce ke sa a ɗora kifi gawayi na ci bal-bal. Ku dakata har ya yi ja, farar toka ta lulluɓe shi. Idan mai ya ɗiga a harshen wuta, hayaƙin da ke tashi yana ɗauke da sinadarai masu manne wa fatar kifin, cikinsu har da benzopirin, wanda hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya a rukuni na 1, wato abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji. Ban ce ku daina cin gashi ba, ni ma ina ci. Ku dai ɗaga ragar daga wuta, ku kankare baƙin da ya ƙone, kuma kada a tada gawayi da leda, roba ko katako mai fenti.

Baƙin waje ba shi ne nuna ba. Ana so tsakiyar ta kai digiri 63. In babu ma'auni, ku soka cokali mai yatsu a wuri mafi kauri, kusa da ƙashin baya: tsokar ta yi fari, tana rabuwa sala-sala. Kaurin santimita 2.5 kan ɗauki wajen minti 10.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a gama duk wannan wahala, sannan a kwashe kifin a mayar cikin farantin da ɗanyen ya zauna, ko a yarfa masa ragowar ruwan haɗin da aka jiƙa shi. A sauya faranti, a wanke hannu da sabulu. Abin da ya rage ya shiga firji kafin awa 2, in ana tsananin zafi kafin awa 1.

In ruwan sama ya tsinke ana tsakiyar gashi, kada a ja murhun zuwa ɗaki ko gareji. Gawayi na fitar da iskar kabon monoksaid mai guba, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Ciwon kai da jiri take fara sawa, mutum ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, kuma buɗe taga ɗaya ba ya isa ya kore ta.