Ina himma take tafiya? Tambayoyi da amsoshi daga Sakkwato

Ina tashi da safe ba na jin son yin komai. Lalaci ne?

Ba lallai ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40. Wanda ya kwana yana juyi a kan tabarma, babu wuta babu iska, ba zai tashi da kuzari ba. Kafin ka zargi kanka, duba barcinka da ruwan da kake sha. Amma kasala ma gaskiya ce, shi ya sa Manzon Allah (SAW) yake neman tsari daga gajiyawa da kasala, kamar yadda ya zo a Bukhari.

To in jira sai na ji sha'awar aiki kafin in fara?

A nan ne mafi yawanmu muke yin asara. Sha'awa ba ta riga aiki zuwa, a cikinsa ake tsintar ta. Je ka tsaya wurin majema ka gani. Fatar jar akuya tana zuwa da gashi da wari, a jiƙa ta, a kankare, a tsoma ta cikin ruwan bagaruwa, a shanya, a rina da karan dafi. Yaron da aka kawo koyo ba ya son warin nan, ko kaɗan. Amma ranar da ya ga baduku ya ɗaga fatar da ya jeme, ya murza ta tsakanin yatsu, ya gyaɗa kai, daga ranar ba sai an tashe shi da safe ba. Iyawa ce ta haifi son.

Saboda haka ka yanki abu ƙarami, ka ɗaura shi a kan lokacin da ba ya motsi. Mu kam muna da sa'a, salloli biyar sun riga sun raba mana yini. Shafi biyu bayan Asuba, ko minti 30 a kan keken ɗinki kafin rana ta buɗe. Hadisi ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa, ko da kaɗan ne.

Yaya zan gane abin da zuciyata take so?

Lura da aikin da kake yi har a kira La'asar ba ka sani ba, da kuma abin da mutane suke zuwa ƙofarka nema: gyaran waya, lissafi, sasanta 'yan'uwa.

Shekara uku ke nan da na gama karatu, babu aiki. Himmar me zan yi?

Wannan tambayar tana taɓa ni, don ba laifinka ba ne, kuma daɗin baki ba ya sa tukunya a wuta. Abin da na lura da shi dai, himmar da mutum yake yi don kansa kaɗai tana saurin mutuwa. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar karantar da mata. Tana koyar da jajis, wato matan da ke jagorantar ƙungiyar, ta ba kowace malfa, su koma ƙauyukansu su karantar da mata. Akwai masu jiran ta, shi ya sa alƙalaminta bai huta ba. Tara yara biyar na unguwarku ka koya musu lissafi bayan Magariba. In ka makara su za su buga maka ƙofa. Ka ci gaba da neman aikin, amma kada yinin ya ƙare a majalisa da waya a hannu.

Yaushe abin ya wuce kasala?

Idan an yi mako biyu ko fiye zuciya a ƙuntace kusan kullum, barci da cin abinci sun rikice, abin da kake so a da ya fita ranka, ko kana tunanin mutuwa ta fi, to wannan yana iya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani. Faɗa wa wanda ka amince da shi a gida, ku je asibiti tare. Akwai asibitin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kware, ba nisa da cikin gari.