Fasahar Girki

Fasahar girki ita ce sarrafa abinci da nufin da ya wuce cika ciki: a fitar da ɗanɗano, a daidaita ƙamshi da launi da laushi, a kuma jera cima yadda mai ci zai gane hannun wanda ya dafa. Kamar sauran sana'o'in hannu, ana koyonta ne a gaban gwani, shekara da shekaru, kuma abin da aka fi wahalar koya shi ne wuta. Nama ba ya yin ja da ƙamshi sai zafin kasko ya kai wajen digiri 140, inda sinadaran furotin ke haɗuwa da sukari, abin da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Idan aka cika kaskon da nama, ruwan da ke fita sai ya sauke zafin, naman ya koma dahuwa, ya yi fari-fari. Ƙwararren kuku yakan gane wannan da kunne, daga ƙarar mai, kafin ido ya gani.

Tarihi

Rubutattun hanyoyin girki mafi tsufa da aka sani suna kan allunan yumɓu na Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, waɗanda ake kyautata zaton an rubuta su wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa. Suna ajiye a Jami'ar Yale ta Amurka. Akasarinsu miyar nama ce da albasa da tafarnuwa, ba kuma a faɗi awo ko tsawon dahuwa ba, alamar cewa masu sana'a aka rubuta wa. Daga Roma an gaji littafin da ake jingina wa Apicius, wani attajiri na ƙarni na 1, ko da yake da alama sai a ƙarni na 4 ko na 5 aka tattara shi.

A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa girki ya samu matsayin da ba kasafai ya samu a wani wuri ba. Ilimin abinci yana cikin abin da ake sa ran mai zama a majalisar halifa ya sani, tare da waƙa da kiɗa. Ibrahim bin Mahdi, ɗan'uwan Haruna Rashid, ya yi suna a waƙa da kiɗa, ya kuma yi suna a madafa, har ana kiran wani girki da sunansa. A ƙarni na 10 Ibn Sayyar al-Warraƙ ya tattara Kitabul Ɗabikh, mai ɗauke da girke-girke sama da 600. Littafin bai tsaya ga tukunya ba. Ya yi maganar tsabtar kayan aiki, da ɗabi'ar kowane abinci bisa ilimin likitancin zamanin, da ladubban zama a kan cima, ya kuma saka baitocin da mawaƙa suka yi wa wasu girke-girke. Masu dafa abincin kansu, waɗanda da yawansu bayi ne da kuyangi, sunayen kaɗan ne daga cikinsu suka tsira. A Andalus, wato Sifaniya ta zamanin mulkin Musulmi, ana danganta wa mawaƙin nan Ziryab, na ƙarni na 9, tsarin kawo abinci bi da bi. Masana tarihi ba su haɗu a kan hakan ba.

A Sin, mawaƙi Yuan Mei ya wallafa littafin girkinsa a 1792. A Japan kuwa, girkin kaiseki ya taso ne tare da al'adar shan shayi a ƙarni na 16, kuma yana bin yanayin shekara sau da ƙafa.

Faransa ce ta mayar da girki sana'a mai ƙa'idoji a rubuce. La Varenne ya fitar da littafinsa a 1651, inda ya rage yawan kayan yaji don a ji ɗanɗanon abin da aka dafa. Gidajen abinci irin na zamani sun bayyana a Paris a shekarun 1760, sun kuma yawaita bayan juyin juya halin 1789. A wannan yanayi Marie-Antoine Carême ya taso. An haife shi cikin talauci a 1783 ko 1784, ya fara aiki tun yana yaro, ya riƙa zuwa ɗakin karatu yana kwaikwayon zanen gine-gine, sannan ya dawo ya gina irinsu da sukari da ƙullu don ado a teburin manya. Ya yi wa Talleyrand, babban ɗan siyasar Faransa, aiki, da yariman Ingila mai riƙon sarauta, da gidan attajiran nan Rothschild. Madafun wancan lokaci a ƙarƙashin ƙasa suke galibi, ana hura gawayi a murhu masu yawa, a rufe tagogi kada abinci ya huce kafin ya isa tebur. Carême ya rasu a 1833 bai kai shekara 50 ba, kuma ana yawan alaƙanta mutuwarsa da hayaƙin da ya shaƙa tsawon rayuwarsa.

Auguste Escoffier (1846–1935) ya sauƙaƙa abin da Carême ya bari. A otal ɗin Savoy na Landan, daga 1890, ya raba aikin kicin kashi-kashi, kowane kuku da nasa fanni, mai miya daban, mai kifi daban, mai gashi daban, duk a ƙarƙashin shugaba ɗaya. Littafinsa na 1903 har yau ana karantar da shi. Kamfanin taya na Michelin ya fara buga kundin jagorar matafiya a 1900, ya soma ba gidajen abinci tauraro, wato alamar yabo, a 1926, ya kai matakan zuwa uku a 1931. A 1933 Eugénie Brazier, wata kuku 'yar Faransa, ta samu taurari shida a gidajenta biyu, abin da ya kamata a riƙa tunawa a sana'ar da aka daɗe ana ba maza sunanta alhali mata ne ke yin mafi yawan girkin duniya.

Muhawara

Aflatun, masanin falsafar Girka na dā, ya ce girki ba fasaha ba ne, sabo ne kawai na faranta wa baki. Masana falsafar Turai na baya, irin su Hegel, sun ware ɗanɗano daga ƙofofin da ake riskar kyau da su, saboda abinci yana ƙarewa da an ci. Masu kare girki suna amsawa da cewa kiɗa ma yana ƙarewa da an gama bugawa. A 2007 an gayyaci Ferran Adrià, mai gidan abincin elBulli a Sifaniya, zuwa baje kolin zane na documenta a Jamus, lamarin da ya raba kan masu sharhi. A 2018 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ɗanɗanon abinci ba ya samun kariyar haƙƙin mallaka.

Ƙauna da wahalar sana'a

Labarin da aka fi kawowa shi ne na François Vatel, mai kula da liyafar da aka shirya wa Sarki Louis na 14 na Faransa a 1671, wanda ya kashe kansa saboda yana ganin kifi ba zai iso a kan lokaci ba. An daɗe ana ba da labarin a matsayin abin yabo, ko da yake abin tausayi ne. Aikin babban kicin tsayuwa ce ta sa'o'i masu yawa cikin zafi, kuma masu koyo sun sha yin aiki ba albashi. Wasu kuku ma sun juya wa taurarin Michelin baya: Marco Pierre White na Ingila ya mayar da taurarinsa a 1999, Sébastien Bras na Faransa ya nemi a cire shi daga kundin Michelin a 2017.

A majigi da talabijin

Shirin Julia Child da aka fara a Amurka a 1963 koyar da girki yake yi. Shirye-shiryen baya-bayan nan sun karkata ga rayuwar mai girkin. Chef's Table na David Gelb, wanda Netflix ya fara nunawa a 2015, yana ba kowane kuku kashi guda, ana ɗaukar hannunsa a kusa cikin tafiyar hawainiya, da kiɗan goge a baya. A 2017 shirin ya nuna Jeong Kwan, mace mai zaman ibada ta addinin Budda a Koriya ta Kudu, wadda ba ta da gidan abinci, mazauna wurin ibadarta take dafa wa. Ana sukar irin waɗannan shirye-shirye da fifita mutum ɗaya a kan ma'aikatan da ke bayansa.