Waiwaye: Rajistar kiran suna da tarihin fashin makaranta a sakandaren Arewa

Duk wanda ya yi sakandaren gwamnati a Arewa ya san littafin nan mai faɗi da malamin aji ke ɗaukowa daga ofis bayan an tashi daga asambile. A kira suna, a amsa, malam ya ja ɗan karan layi a gaban sunan. Wanda bai amsa ba a zana masa sifiri. Kowace rana gurbi biyu gare ta, na safe da na rana, domin ƙa'ida ita ce a sake kira kafin a tashi. Ranar Juma'a a haɗa lissafin mako, shugaban makaranta ya sa hannu, ƙarshen zango kuma a rubuta a katin sakamako sau nawa aka buɗe makaranta, sau nawa yaro ya zo. A takarda tsarin ba shi da makusa. Sai dai in aka bi tarihin boko a Arewa za a ga gwamnatoci sun fi ba da ƙarfi wajen ƙirga yaran da aka rubuta sunansu, ba waɗanda suke zaune a kan benci ba, kuma wannan giɓin ya daɗe yana cin mu.

A farkon lamari ba rajista ce ke kawo yaro makaranta ba, sarauta ce. Lokacin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, da shekarun da suka biyo baya da En'e, wato hukumar mulkin sarakuna, ta riƙa buɗe elemantare, umarni ne ke saukowa daga sarki zuwa hakimi zuwa dagaci cewa a kawo yara kaza. Iyaye na ɓoye 'ya'yansu, wasu masu sarauta ma su tura 'ya'yan barorinsu a madadin nasu. Yaron da aka rubuta kuwa in ya gudu, dogari ko ɗan doka zai bi sawunsa har gida, dagacin garin kuma shi zai amsa tambaya. Ba wanda zai yi begen wannan tilas ɗin, amma a lura da abu ɗaya: sifirin da malam ya zana yana da wanda zai bi shi.

Makarantun gaba da elemantare na wancan zamani kusan duk na kwana ne. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949 har ta zama Barewa, da makarantun midil na larduna, ɗalibansu kaɗan ne kuma a cikin harabar makaranta suke kwana su tashi. Ana kiran suna da asuba, a kira a ɗakin cin abinci, a kira kafin barci. Wanda zai yi fashi sai ya tsallake shinge.

Shekarar 1976 ce ta juya komai. A watan Satumba gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE, yara suka yi dafifi fiye da yadda aka yi tanadi. A shekarar ce kuma aka yi garambawul ɗin ƙananan hukumomi wanda ya ƙarasa raba sarakuna da ikon gudanarwa, bayan an riga an karɓe 'yan doka da kotuna daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960. Yara sun ƙaru, mai bin sawunsu ya ragu. Da 'yan UPE na farko suka iso ƙofar sakandare wajen 1982, kuɗin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu. Babu halin ciyar da wannan taro a makarantun kwana, sai aka koma ga jeka-ka-dawo, a manyan birane har da 'yan safe da 'yan rana a gini ɗaya.

Daga nan zuwa makaranta ya zama shawarar da gida ke yankewa kowace safiya. Nan ne kuma ya kamata a tsaya a duba, domin kalmar fashi tana ɓoye abubuwa da yawa da ba su da alaƙa da lalaci. A karkara, ranar kasuwar gari aji kan rame. Damina in ta kankama, da lokacin girbi, manyan samari suna gona, kuma kalandar makaranta ba ta taɓa sasantawa da ta manomi ba. Yarinya sai ta gama shara da wanke-wanke, wata sai ta zagaya da tallan safe, kafin ta ɗauki jaka. In makarantar ba ta da makewayi da ruwa, 'yan mata da yawa kan zauna a gida kwanakin al'adarsu, wata bayan wata. Ga kuɗin mota, ga kuɗin tara, ga tafiyar ƙasa mai nisa a inda sakandare ɗaya ke ɗauke da ƙauyuka da dama. Wani lokaci ma makarantar da kanta ke korar yaro: wanda ya makara ya hango bulala a bakin ƙofa, sai ya juya ya nemi gindin bishiya har a tashi. In kuma malamin darasi na biyu da na uku ba su shigo ba, da wace hujja za a ce wa yaro ya zauna? Da yawa sukan amsa sunan safe, a fita tara su wuce. Kiran sunan rana da zai kama su shi ne wanda aka fi mantawa da shi, wasu malaman ma layi biyun gaba ɗaya suke ja tun da safe.

Gwamnatin farar hula ta 1999 ta zo da doka. Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na matakin farko, wato UBE, a Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, dokarsa kuma ta fito a 2004. Ta wajabta karatun shekara tara, firamare da ƙaramar sakandare, ta ce uban da ya ƙi kai ɗansa a ja masa kunne a karon farko, a karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan naira 5,000 ko wata biyu. Ba kasafai ake jin an gurfanar da wani a kan wannan ba, kuma wajabcin ya tsaya ne a aji uku na ƙaramar sakandare, daidai shekarun da aure da neman kuɗi ke fara janye yara. Ƙidayar makarantu da jihohi ke yi duk shekara ita ma yawan waɗanda aka rubuta ta fi kamawa. Tunda da wannan adadi ake neman malamai da kujeru da gine-gine, wane shugaban makaranta ne zai yi gaggawar goge sunan yaron da ya yi zango biyu bai leƙo ba? Haka sunaye ke kwana a rajista masu su suna kasuwa, sai lokacin rajistar jarrabawar WAEC ko NECO a ga fuskoki sun dawo. Alƙaluman da ake ta ambato na yaran da ba sa makaranta a Najeriya, miliyan 10.5 na UNICEF ko kusan miliyan 20 da UNESCO ta bayar a 2022, ba su gaya mana komai a kan wannan rukuni mai ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje.

Da tilas ta gaza sai aka koma ga lallashi. Jihar Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a farkon 2016, azuzuwa suka cika maƙil, amma ba a jima ba aka fara ba da rahoton yaran da ke cin abinci su kama hanyar gida. Dabarar biyan iyaye kuɗi kuwa daga Latin Amurka aka aro ta. Meziko ta fara a 1997, Barazil ta faɗaɗa nata a 2003, duka da sharaɗin yaro ya halarci kashi 85 cikin ɗari na kwanakin karatu. A nan gida UNICEF ta gwada bai wa iyayen 'yan mata tallafi a jihohin Sakkwato da Neja daga 2014. Babban yunƙurin da ya shafi sakandare kai tsaye shi ne AGILE, shirin tallafa wa karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 500 a 2020 domin jihohin Borno, Ekiti, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi da Filato, aka ƙara dala miliyan 700 a 2023 aka shigar da wasu jihohin. Yana gina azuzuwa da makewayi, yana kuma biyan iyalai marasa ƙarfi bisa sharaɗin yarinya tana zuwa.

Wannan ya ba rajista darajar da ta daɗe ba ta samu ba, ya kuma ɗora mata wani nauyi. Malamin da ya san sifiri biyar za su iya hana marainiya kuɗin zango, hannunsa zai yi nauyi, ni kuwa ba zan yi saurin zarginsa ba. Amma duk ranar da tausayi ya ja layi a gurbin sifiri, ma'aikatar ilimi ta ƙara makancewa.

Inda raunin lissafin ya fi fitowa fili shi ne ranakun baƙin ciki. Bayan sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014, an kwashe makonni ana ja-in-ja kafin a tsaya a kan 276. A Ƙanƙara, Disambar 2020, gwamnatin Katsina ta ce yara 333 ne ba a gani ba, da aka sako su aka ƙirga 344. A Jangebe, Fabrairun 2021, 'yan sanda sun ce 317, waɗanda suka dawo 279, aka ce su ke nan. A Kuriga ta jihar Kaduna, Maris 2024, an fara da 287, aka dawo da 137, gwamnati ta ce iyakarsu ke nan. Adalci shi ne a ce a irin wannan firgici yara kan watse cikin daji, wasu su gudu gida, na Kuriga ma da safe ne lokacin taruwa. Duk da haka, makarantar da ta san wa ya kwana a cikinta jiya ba za ta ɗauki kwanaki tana laluben adadi ba. Bayan waɗannan hare-hare jihohi sun rufe makarantu da dama, wasu na kwana aka mai da su jeka-ka-dawo, a kan watannin da annobar korona ta riga ta cinye a 2020. Wasu ɗaliban, musamman 'yan mata, daga wannan hutun ba su sake dawowa ba.

Yanzu maganar da ake yayi ita ce ta na'ura: a ɗauki suna a waya, a dangwala yatsa, saƙo ya tafi wa uba in ɗansa bai zo ba. Makarantun kuɗi a birane sun yi nisa a wannan. A makarantar gwamnati kuwa, inda aji ɗaya kan haura ɗalibi ɗari, kiran suna kaɗai na iya cinye rabin darasin farko, shi ya sa malam kan miƙa wa monita, monita kuma yana da abokai. Waya za ta rage wannan wahala in akwai caji da sabis. Abin da ba za ta yi ba shi ne tafiya gidan su yarinyar da ta yi kwana uku ba a gan ta ba. Wannan aikin, tun da aka sallami dogari, an rataya shi ne a wuyan kwamitocin kula da makarantu da aka fara kafawa a tsakiyar shekarun 2000, da ƙungiyoyin iyaye mata, da mai unguwa in ya ga dama. Mafi yawansu aikin sa kai suke yi, kuma a makarantu da yawa ba a taɓa buɗe musu rajistar sun ga sunayen da sifiri ya yi wa layi ba.